Yawon Ƙafa a Bakin Tekun Sussex daga Maris zuwa Mayu: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar hunturun Ingila ya fara sassautawa, sai hotunan wani dogon farin bango a bakin teku su cika wayoyi. Daga nan tambayoyi ke biyowa, galibi daga ɗalibanmu da ke karatu a Ingila, waɗanda suka sha zaman ɗaki tun watan Nuwamba: ina ne nan, nawa ake biya, ana iya zuwa a dawo a yini guda? Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Ina ne wurin, kuma me ake zuwa gani?

Yana gundumar East Sussex a kudancin Ingila, tsakanin garuruwan Seaford da Eastbourne, a bakin mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa. Ƙasar yankin tuddai ne na alli da gajeriyar ciyawa ta lulluɓe. Inda tuddan suka iso teku, ruwa ya yanke su a tsaye, sai ga farin bango daga sama har ƙasa. Tuddai bakwai ne a jere da kwari a tsakaninsu, tun daga bakin kogin Cuckmere har Birling Gap, su ake kira Seven Sisters. Mafi tsayinsu, Haven Brow, ya kai mita 77. In ka ci gaba da nausawa gabas za ka iso Beachy Head mai tsayin mita 162, wanda babu bangon allin da ya kai shi a duk bakin tekun Birtaniya. Mai son ƙirge zai iya samun takwas maimakon bakwai. Kada ya ja da kowa, zaizayar ruwa ce ke fito da wani sabo.

Duk yankin yana cikin gandun South Downs, wanda hukumarsa ta kama aiki gadan-gadan a 2011.

Nawa ne kuɗin shiga?

Ko sisi. Babu ƙofa, babu mai yankar tikiti. Abin da za ka kashe shi ne kuɗin jirgi ko na ajiye mota, sai na abin da ka sa a baki.

Ta yaya ake zuwa daga Landan?

Daga tashar Victoria ka hau jirgin ƙasa zuwa Lewes, ka sauya zuwa ƙaramin jirgin Seaford. Tafiyar duka kimanin awa ɗaya da rabi ce. Daga Eastbourne kuwa akwai jirgin da ke komawa Victoria kai tsaye, shi ma kusan haka. Tunda ta wani gari za ka shiga, ta wani za ka fito, ka tambayi mai sayar da tikiti wanda zai fi maka sauƙi kafin ka biya. Ɗalibi mai katin rangwamen jirgi ana rage masa kashi ɗaya cikin uku, haka ma mutum uku zuwa tara da suka sayi tikiti tare a lokacin da ba na cunkoso ba.

Bas mai lamba 12 da ke zirga-zirga tsakanin Brighton da Eastbourne yana bi ta Seaford, da Exceat, da ƙauyen East Dean. Wannan bas ɗin shi ne rufin asirin duk wanda ƙafarsa ta gaza a hanya. A kula da ranar Lahadi: ita ce ranar gyaran layin dogo, sau da yawa a wayi gari an maye gurbin jirgi da bas, tafiyar awa ɗaya da rabi ta koma abin da Allah ya yi.

Wane wata ya fi?

In da zaɓi, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu. Maris a takarda ne kawai ya fita daga hunturu. Hanya na nan da taɓo, iska na yanka kunne, itatuwa tsirara. Abin da Maris ya fi su da shi shi ne ƙarancin mutane, da jariran tumaki da aka fara haihuwa.

A Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, lokacin Ingila ya zo daidai da na Najeriya da Nijar. Daga nan yini ke buɗewa. A ƙarshen Afrilu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 na dare, ga wanda ya saba da magaribar ƙarfe 4 ta watan Disamba wannan kaɗai ya isa abin murna. Sai dai kada hasken ya ruɗe ka. A Afrilu zafin rana a bakin tekun nan bai cika wuce digiri 12 ko 13 ba, a kan tudu kuma iska na ƙara rage shi. Mutanen Eastbourne na alfahari da cewa garinsu na cikin mafi samun rana a ƙasar, har suna riƙe da tarihin watan Yulin 1911 da rana ta haska sama da awa 380. Wannan Yuli ne, ba Afrilu ba.

Ranar aiki ta fi ranar hutu nesa ba kusa ba. Cunkoson Birling Gap ya kai ga a 2025 ƙungiyar National Trust, mai kula da wurin, ta hana manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sauke mutane a can.

Dole ne sai na yi tafiyar gaba ɗaya?

A'a, kuma ga wanda bai saba ba, ban ba da shawarar haka ba. Daga Seaford zuwa Eastbourne kimanin kilomita 22 ne, awa shida zuwa bakwai da hutawa. Ba nisan ne ke karya mutum ba, hawa da saukar ne. Kana gama hawa ɗaya, kana haki, sai ka ga hanya ta gangara kwari ta sake miƙewa sama. A na huɗu hira ke ɗaukewa. A gangara kuma gwiwa ce ke biyan bashin.

Akwai masu zuwa su yi ta da gudu don a ce sun yi, su isa Eastbourne ba su iya tuna komai sai ciwon ƙafa. A ganina asara ce. Wanda ya sauka a bas a Exceat, ya hau tuddan bakwai a natse zuwa Birling Gap, sannan ya ratsa gona ya fita East Dean ya kama bas, ya ga zuciyar wurin cikin awa uku ko huɗu, kuma washegari zai iya zuwa aji. Mai ƙarfin ƙafa da ya fito da sassafe ya yi duka, babu laifi. Amma ya sani daga Beachy Head zuwa tashar jirgin Eastbourne akwai sauran tafiya mai ɗan dama a kan kwalta, a daidai lokacin da ya ɗauka ya gama.

Daga ina ake ɗaukar hoton nan da kowa ke sawa?

Ba daga kan tuddan ba. In kana kansu ba ka ganin su, ciyawa kawai kake takawa. Hoton da ke da wasu ƙananan gidaje a gaba da farin bango a baya, daga ɓangaren Seaford Head ake ɗaukarsa, a yammacin bakin kogin Cuckmere. Gidajen na ma'aikatan tsaron gaɓa ne na ƙarni na 19, lokacin da bakin kogin ya yi suna wajen fasa-ƙwauri. Wannan ne dalilin da ya sa farawa daga Seaford ya fi: bangon na gabanka kana tunkararsa. Wanda ya taso daga Eastbourne sai ya yi ta waiwaye.

Ana tsallaka kogin a bakin teku?

Babu gada a wurin. Hanya ita ce ka bi gefen kogin ka shiga ciki har gadar Exceat, ka tsallaka, ka sake gangarowa ta ɗaya gefen. Ƙarin tafiya ce ta kamar awa ɗaya, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Za ka ga wasu sun tuɓe takalma suna ratsawa in ruwa ya janye. Kada ka bi su. Ruwan na da gudu, sanyinsa na kashe ƙafa, ƙasan kuma tsakuwa ce mai zamewa.

Zagayen ma ba asara ba ne. Ta nan za ka ga tsohuwar hanyar kogin tana lanƙwasa a cikin fadama, wadda aka bari tun da aka haƙa masa miƙaƙƙiyar hanya a shekarun 1840 don rage ambaliya. Akwai kuma ƙananan ɗakunan kankare na sojoji daga Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake fargabar Jamusawa za su sauka ta nan.

Me ya sa bangon ya yi fari haka?

Saboda faɗuwa yake yi. Wannan ita ce amsar, kuma duk wanda ya fahimce ta zai yi tafiyar da wani ido daban.

Allin kansa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, waɗanda suka yi ta taruwa a ƙasan wani tsohon teku. Masana ilmin duwatsu na sa shekarunsa tsakanin miliyan 66 da miliyan 100. Baƙaƙen layukan da ke ratsa shi dutsen ƙyastu ne, shi ne kuma tsakuwar da ta cika bakin ruwan. Alli dutse ne mai laushi. Ruwan sama na shiga tsagoginsa, sanyi ya daskarar da ruwan ya buɗa tsagar, igiyar teku kuma na ƙwaƙule shi ta ƙasa. Rana ɗaya sai wani yanki ya ɓalle. Inda aka gina kariya a gindin irin wannan bango, ciyawa da gansakuka na rufe shi ya koma kore-kore. A nan an bar teku ya yi aikinsa, kullum sabuwar fuska ce a waje.

A Birling Gap ake ganin abin da wannan ke nufi ga mutane. Akwai jerin gidaje da asalinsu 8 ne, yanzu rabi sun tafi. Ba teku ya ci su ba, rushe su aka yi ɗaya bayan ɗaya kafin ya iso, ciki har da wanda aka rushe a 2014 bayan guguwar hunturun shekarar ta cinye a 'yan makonni abin da aka saba rasawa cikin shekaru. In ka tsaya a gefen jerin za ka ga bangon gidan ƙarshe, wanda a da bangon tsakiya ne tsakanin maƙwabta biyu, yanzu shi ke fuskantar iska. Mazauna wurin sun taɓa neman a jibge manyan duwatsu a gindin gaɓar don a tsayar da zaizayar, ba a amince ba. Hujjar masu ƙi ita ce kariyar za ta ɓata yanayin gaɓar, kuma jinkiri kawai za ta kawo. Ina ganin hujjar ta tsaya, amma mai faɗin haka ba gidansa ne na gaba a layi ba.

Can gaba a kan tudu akwai tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Belle Tout, wadda ta fara aiki a 1834. Hazo kan rufe ta a daidai lokacin da ake buƙatarta, shi ya sa a 1902 aka kunna wata sabuwa a ƙasa cikin ruwa, mai zanen ja da fari, wadda ake hangowa daga Beachy Head. Ita tsohuwar, da gaɓa ta matso ta, a 1999 aka ɗaga ta ɗungurungum, tan 850, aka ja ta baya mita 17 a kan dogo. Yanzu masauki ce ta baƙi. Kowa ya san wata rana sai an sake jan ta.

To, akwai haɗari ke nan?

Akwai, kuma kusan duka a wuri biyu yake: bakin bango ta sama, da gindinsa ta ƙasa.

Ta sama babu shinge a yawancin hanyar. Ciyawa na tafiya lafiya lau har inda ƙasa ta ƙare. Abin da ba ka gani daga inda kake tsaye shi ne wani lokaci ƙasan ya riga ya zube, abin da ka taka ɗan leɓe ne a rataye. Bayan hunturu mai yawan ruwa abin ya fi muni, wato daidai watannin da muke magana. Shawarar da ake bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 5 tsakaninka da baki, in da iska a ƙara. In ka ga tsaga a cikin ciyawa, ka koma bayanta. A 2017 wata ɗaliba baƙuwa ta rasa ranta a nan tana tsalle don a ɗauke ta hoto. Za ka ga mutane zaune a baki sun saki ƙafafu, wasu har da yara. Ganin sun tashi lafiya ba hujja ba ce.

Ta ƙasa kuma abu biyu ne: dutse na iya faɗowa, ruwa na iya rufe hanya. Teku na cikowa sau biyu a yini, lokacin kuma na matsawa kullum da kusan minti 50. Tsakanin Cuckmere da matakalar Birling Gap babu wata hanyar hawa. Wanda ya bi ta ƙasa ruwa ya ciko masa, bango ne a bayansa. Sauka ta matakalar Birling Gap a taɓa ruwa a dawo babu laifi, amma a zauna nesa da gindin bangon ko da inuwarsa na kira.

In wani abu ya faru, a kira 999 a ce ana neman Coastguard, su ne masu ceton bakin teku. A Beachy Head za ka iya haɗuwa da masu sintiri na wata ƙungiyar limaman Kirista, waɗanda aikinsu shi ne kula da mutanen da damuwa ta kawo wurin. In suka gan ka kai kaɗai suka tambayi lafiyarka, ba zargi ba ne, ka amsa da fara'a.

Me zan sa, me zan ɗauka?

Takalmi mai ƙwarin ƙasa. Jiƙaƙƙen alli santsinsa kamar miyar kuɓewa, takalmin gayu ba ya riƙe shi. Tufafi kuma a yi su hawa-hawa, yadda za a cire a hawan tudu a mayar in an zauna, da rigar ruwa a sama ko da gari ya waye tas. Lema ba ta da amfani, iska za ta juye ta. 'Yan'uwa mata masu hijabi su zaɓi wanda ba ya da faɗi sosai, su kama shi da kyau ko su cusa shi cikin jaket. Doguwar riga mai jan ƙasa na wahalarwa a gangara, wando a ciki da riga zuwa ƙwauri ya fi. Maza kuma a bar hular gida a jaka sai an zo hoto, in ba haka ba a Faransa za a tsince ta.

Ruwan sha kamar lita ɗaya da rabi, shayi a filas, dabino, gyaɗa, da abinci mai riƙe ciki. Tsakanin Exceat da Birling Gap babu shago, babu famfo, babu inuwa. A cika cajin waya.

Ina zan yi salla?

Fili dai ga shi har ya yi yawa. Ka koma can ciki nesa da baki, ka kauce wa kan hanya, ka duba kashin tumaki, ka shimfiɗa dardumarka ka danne gefenta da jaka. Alƙibla daga kudancin Ingila kudu maso gabas take, wajen digiri 119. Mai tafiya daga Seaford zuwa Eastbourne kusan ita yake fuskanta, ɗan karkatawa dama kawai zai yi, amma ya tabbatar da wayarsa. Akwai ban-ɗaki a bakin tekun Seaford, da Exceat, da Birling Gap, sai dai babu buta, ka riƙe 'yar gorarka. A Eastbourne akwai masallaci ba nisa da tashar jirgi. Nisan Landan zuwa can ya wuce kilomita 80, saboda haka mai tambayar ƙasaru yana da abin tambaya. Amsar ta malamai ce.

Gonakin mutane ne fa. Ba za a ce na yi kutse ba?

Wannan na cikin abubuwan da ke ɗaure wa baƙo kai. A Ingila akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa damar bi ko da sun ratsa tsakiyar gonar wani, mai gonar kuma ba shi da ikon toshewa. Kibiya mai ruwan ɗorawa na nufin hanyar masu ƙafa, shuɗiya kuma har da masu doki da keke. Alamar ƙwallon itacen oak da za ka riƙa gani a jikin turaku tana nuna babbar hanyar ƙasa ce: wannan yankin shi ne ƙarshen South Downs Way, mai tsawon kilomita 160 daga Winchester.

Yadda tuddan nan suka tsira ba gini ma ba banza ba ne. A shekarun 1920 masu gine-gine sun sa ido a kan wani yanki nasu, jama'a suka yi karo-karo aka saye. A 1929 hukumar garin Eastbourne ta sayi eka dubbai na tuddan da ke bayanta, kuma da aka zo da maganar sayar da gonakin a 2017 mutanen gari suka ƙi.

Ladabin wurin kaɗan ne. Ƙyauren da ka samu a rufe ka rufe, wanda ka samu a buɗe ka bar shi. Sharar ka ta koma gida tare da kai. Ba a kunna wuta. Jaririn tunkiya da ka gani shi kaɗai yana kuka ba ɓata ya yi ba, uwar na kusa, kada ka ɗauka. In shanu na tare da 'yan maruƙa, a zagaye su daga nesa. Tumakin ne ma suka yi wurin yadda yake: kiwon ɗaruruwan shekaru ne ya hana daji tashi, ya bar ciyawar gajeriya har ƙananan furanni ke samun rana.

Karnuka fa?

Suna da yawa, kuma wasu a sake. A lokacin haihuwar tumaki ana buƙatar a ɗaure su, ba kowa ke yi ba. In ɗaya ya nufo ka, ka tsaya cak, kada ka ruga, ka ce wa mai shi ya kira abinsa. Yawanci da ban haƙuri suke yi.

Me zan gani a wannan lokaci wanda babu shi a sauran shekara?

Furanni na zuwa ne bi da bi. Da farko wata ƙaya mai furen ruwan ɗorawa da ke cika gefen tudu, wadda in rana ta buge ta take ƙamshin kwakwa. Sai shingayen gona su yi fari tun ganye bai fito ba. A Mayu wasu ƙananan furanni masu ruwan hoda ke fitowa a dunƙule a bakin gaɓa, daidai inda aka ce kada ka je. Shuɗin furen nan da suke kira bluebell, wanda ke shimfiɗe ƙasan kurmi daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, ba a kan tuddan yake ba, sai an shiga tsofaffin dazuzzukan cikin ƙasa. Doka ta hana tumɓuke shi, kuma in aka tattake shi yakan ɗau shekaru bai farfaɗo ba.

Amma abin da ya fi cancantar a tsaya masa tsuntsaye ne. Akwai wani ɗan ƙarami mai launin ƙasa da ke tashi daga ciyawa ya miƙe sama har ya zama ɗigo, yana rera kuka ba ya ko numfasawa. Za ka ji shi tun kafin ka gano inda yake. A ƙasa yake ƙwai, shi ya sa ake son mutane su tsaya kan hanya. A ƙarshen bakin tekun Seaford kuma, inda bango ya fara, wasu fararen tsuntsayen teku na sheƙa a jikin allin, hayaniyarsu ba ta ɓuya.

Sannan ga matafiya. Beachy Head ya shiga cikin teku, don haka yana cikin wuraren da tsuntsaye masu ƙaura ke fara sauka in sun tsallako. Tsattsewar da ke isowa a Afrilu daga kudancin Afirka take, ta ratso Sahara. Wani kuma da suke kira whitethroat saboda farin maƙogwaronsa, wanda nauyinsa bai kai giram 20 ba, a yankin Sahel yake cin hunturunsa, wato ƙasashenmu. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya suka ga mafi yawansu ba su dawo ba. Da aka bi diddigi sai aka gano farin da ya fara kama Sahel ne ya kashe su, tun kafin duniya ta san girman abin da ke tafe wa mutane da dabbobi a farkon shekarun 1970. In ka ji wani ɗan tsuntsu na ƙara a kan ƙaya a watan Mayu, mai yiwuwa makonni kaɗan da suka wuce a kan aduwa ko magarya yake.

Akwai macizai?

Akwai ɗaya mai dafi a duk Birtaniya, dangin kasa da kububuwa ne amma bai kai su sharri ba. A watannin nan yake fitowa shan hantsi a gefen ƙaya, kuma gudun mutum yake. Wanda ya sara a kai shi asibiti. Kaska ta fi shi zama abin lura, domin tana iya sa cutar Lyme: in an dawo gida a duba ƙafafu da bayan gwiwa.

Zan iya zuwa da yara ko da tsohuwa?

Daga Exceat akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar kankare da ke bin kwarin kogin zuwa kusa da bakin teku, keken jariri na bi, babu hawa. Wannan ta isa yini mai daɗi. Kan tuddan kuwa, yaron da ba ya jin "tsaya" ba wurinsa ba ne.

Ana shiga ruwan?

A Afrilu sanyinsa na wajen digiri 10. Masu shiga sun saba ne. Kai dai ka tsoma hannu.

Ba za a yi ta kallona ba, ni kaɗai baƙar fata?

A wannan hanyar da wuya, domin tana cikin wuraren da baƙi daga ko'ina suka fi zuwa. A ƙauyukan ciki za ka iya zama kai kaɗai, kuma ba zan ce ba a taɓa samun mai mugun kallo ba. Abin da aka fi samu shi ne akasin Landan: mutumin da ba zai dube ka a jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, a kan tudu shi zai fara gaishe ka, ya ƙara da maganar yanayi. Ka amsa, ka yarda cewa iska ta yi yawa, shi ke nan kun gama zumunci. Wanda bai son fita shi kaɗai akwai ƙungiyoyi irin su Muslim Hikers da Black Girls Hike da ke shirya tafiye-tafiye a rukuni a sassan ƙasar.

Abinci a ƙarshen tafiya?

Soyayyen kifi da dankali a bakin tekun Eastbourne, shi ne al'ada. Ka tambaya da wane mai suke suya, kuma ko akwai giya a ƙullun da suke tsoma kifin, don wasu na sawa. Ka kuma rufe takardar tsakanin loma da loma. Tsuntsayen tekun garin ta baya suke zuwa, kuma ba sa jin kunya.

In gari ya ɓaci ranar da na shirya fa?

Yayyafi ba ya hana tafiya. Iska mai ƙarfi da hazo su ke hanawa, domin a hazo ba ka ganin inda ciyawa ta ƙare. In ka riga ka iso, ka juya cikin ƙasa. Dajin Friston na bayan Exceat, itatuwa na tare iska. In ka bi kwarin Cuckmere ka yi arewa, ta West Dean da Litlington, za ka isa ƙauyen Alfriston, inda akwai wani tsohon gida mai rufin ciyawa da National Trust ta saya a 1896 kan fam 10, ginin farko da ta mallaka. Ba kullum ake buɗe shi ba, ka duba kafin ka sa rai. Motocin haya a ƙauyukan nan ba su da yawa, musamman da yamma, saboda haka ka san lokacin bas na ƙarshe tun kafin ka bar babban titi, ko ka tanadi ƙarfin komawa Exceat da ƙafa.